Rigar Baikona Ta Yi Min Kaɗan

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Kafin na ɗora, bari na amsa wa baiwar Allahn nan da ta rubuto a ƙasan kashin da ya wuce, wai na ji tsoron Allah na daina tona wa iyayena asiri a duniya. 'Yar uwa, na gode da nasiha, Allah ya ba da lada. Amma ki sani, wannan rufin asirin da kike kira min, shi ya kwantar da ni a ƙasan banɗaki leɓena ya koma shuɗi. Don haka ko ki gyara zama ki karanta, ko ki wuce abinki, ban riƙe kowa ba.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Mahjabin, amma a gida Tuli ake ce min. Shekarata ashirin da shida, gidanmu na Mirpur a cikin Dhaka. Aikina a wani ofis ne da ke haɗa masana'antun ɗinki da masu saye daga ƙasashen waje, inda daga safe har yamma ba a maganar komai sai awon ƙugu da awon ƙirji. A nan wata abokiyar aikina ta fara miƙo min 'yar jar ƙwayar nan da ake kira yaba, ta ce tana kashe yunwa tana kashe barci. Ba ta yi ƙarya ba. Shekara biyu ina sha, ina gudun abinci, ina zubewa, dangi kuma suna ta ce min na yi kyau. A cikin wannan ramar ne mahaifiyar Shafkat, wadda nake kira Khalamma, ta gan ni a wani biki ta ce ta yi wa ɗanta kamu.

Kada wata ta ce dole aka yi min. Ina son Shafkat. Injiniya ne a kamfanin siminti, yana da wushirya, idan yana dariya har kafaɗunsa rawa suke. Sai dai bai san komai ba. Da na faɗi aka kawo ni gidan jinyar nan na Gazipur, Ammu, wato mahaifiyata, ta ce wa danginsa na tafi garin Sylhet jinyar kakata, mahaifiyarta, wadda muke kira Nani.

Gidan mata ne zalla, kuma kowaccenmu cuta biyu ta shigo da ita, ta ƙwaya ko kwalba, da ta abinci. Madubin ɗakinmu iya fuska yake nunawa. Sikeli da baya ake hawansa, ma'aikaciya ce kaɗai ke ganin lambar. Idan aka gama cin abinci banɗaki a kulle yake sai an jima. Waya kuwa sai ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ake ba mu, na ɗan lokaci, a falo, a gaban Dilruba Apa mai kula da ɓangarenmu.

To, wata Juma'a ce, ina cikin watana na uku. Na kunna wayar, ta hau kuka kamar jaririya. Saƙonnin Ammu ne a sama.

"Tuli kina nan?"

"Khalammarki ta tsayar da ranar sa zobe, ƙarshen watan nan, ƙaninta zai zo daga waje."

"Gobe ina tafe. Ki haɗa kayanki."

"Kada ki ce min komai. Hawan jinin Abbunki ya tashi."

Abbu kuma mahaifina ke nan. Na sauka kan na Shafkat. Shi bawan Allahn nan wata ɗabi'a gare shi, duk abin da zai ci sai ya ɗauke shi hoto ya turo min. Ku dubi ikon Allah, a duk matan Dhaka ni ya zaɓa yake turo wa hoton abinci. Ga farantin shinkafar biriyani ta tsohon gari, a ƙasa ya rubuta, "Ke kina can kina shan iskar gonar shayi, ni ina nan ina cinye miki rabonki." Ga soyayyen kifi. Ga hoton labulen da ya sayo na ɗakinmu, wani kore mai muni, wai na zaɓa tsakaninsa da wani da ya fi shi muni. Na yi murmushi ni kaɗai. Sai na iso saƙon ƙarshe, shi babu hoto.

"Tuli, idan akwai abin da ya kamata na sani, na fi son na ji shi daga bakinki."

Na rubuta, na goge. Na sake rubutawa, na goge. Ina cikin haka Dilruba Apa ta zagayo da kwandonta tana karɓar wayoyi, na jefa tawa ban tura masa ko harafi ba.

Da na koma ɗaki na tarar da Shefali Khala tana tsefe kai a bakin gado. Ita ce abokiyar ɗakina, ta haura hamsin, mijinta mai motocin haya ne. Maganin tari ne ya kawo ta, shi da cin da ba ta iya tsayar da shi sai ta galabaita. Bakinta ba ya shiru ko a jana'iza.

Ta dube ni ta ce, "Ke kuma fa? Kin yi fuska kamar an ce miki daga yau an ƙara man girki."

Na faɗa mata komai. Ta taɓe baki ta ci gaba da tsifarta.

"Ni sau biyu 'ya'yana suna fitar da ni don biki," in ji ta. "Na yi kyau a hotuna kam, ba ƙarya. Ga ni nan kuma a gabanki, karo na uku. Miƙo min man kwakwar can."

Washegari Asabar aka tashi da ruwa. Wajen hantsi aka ce ina da baƙuwa. Na yi sallama na shiga ɗakin baƙi, na tarar da Ammu a tsaye, sari ruwan toka a jikinta, gefensa duk jar laka, hannunta ɗaya lema ɗaya akwati. Wallahi da na gan ta zuciyata ta karye, don ta tsufa a 'yan watannin nan, ƙasan idonta ya yi baƙi. Na tafi da sauri zan rungume ta. Ta riƙe kafaɗuna ta ɗan tura ni baya, ta kalle ni daga sama har ƙasa.

"Innalillahi! Tuli, me suke ba ki a gidan nan? Dubi kumatunki, kamar kabewa."

Ko sallamata ba ta amsa ba.

Masu karatu, sai wadda ta taɓa irin ciwona za ta gane abin da kalmar nan ta yi min. Wata uku ana lallaɓa wani abu a cikina yana barci, kalma ɗaya ta tashe shi zaune.

Na ce, "Ammu, sannu da hanya."

"Yauwa. Rufe ƙofar, zo ki gani."

Ta kwantar da akwatin a kan tebur ta zuge. Jan sari ne na alharini, gefensa zaren gwal faɗin tafin hannu, an saƙa masa ƙananan ganyayyaki, idan ya motsa sai ya riƙa ɗaukar ido. Khalamma ce ta aiko da shi. A ƙarƙashinsa awarwaro dozin biyu na gilashi, ja da ruwan gwal, da takalmi mai tsini, da 'yar rigar da ake sawa a cikin sarin. Ammu ta ɗaga ta da yatsu biyu tana murmushi. Hannun rigar gajere, an jera mata duwatsu a wuya, maɓallanta na ƙugiya a gaba. Na kalle ta na ga kamar ta 'yar shekara goma.

"Da awonki na bara tela ya ɗinka. Gwada mu gani."

Ya kamata na ce a'a. Ban ce ba. Na cire doguwar rigata na zura hannu ɗaya, ya tsaya a damtse. Ammu ta kama ta ja, ta murɗa, har ɗinkin ya yi ƙara. Da ƙyar rigar ta hau kafaɗata. Ammu ta kamo ɓangarorin gaban biyu tana son haɗa ƙugiyoyin, tsakaninsu ya fi faɗin yatsu huɗu.

"Ja numfashi. Ja cikinki ciki mana!"

Na ja har idona ya kawo ruwa. Ko ƙugiya ɗaya ba ta kama ba.

Ta sake ni ta zauna a kujera tana haki. Can ta ce, a hankali, kamar mai lallashi, "Ba komai, da sauran lokaci. Idan mun koma gida ki ɗan kama bakinki kamar da. Kokwamba da ruwan lemon tsami. Ai kin iya, ke da ba a sha wahalarki a kan wannan."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi alkawarin gaskiya tun kashin farko. A wannan lokacin daɗi na ji. Wata murya a cikin kaina ta ce, kin ji ko, an ba ki izini. Har lambar mutumin da nake saye a wurinsa ta dawo min tsaf, lambar da na rantse na manta. Na tsaya da rigar a rataye a jikina kamar kazar da aka fara fige wa gashi, ina lissafin yadda zan yi na shige ta.

Sai aka kaɗa ƙararrawar abinci, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Na yi maza na rufa da gyalena. Dilruba Apa ce. Gajeriya ce mai furfura a goshi, ba ta ɗaga murya, ban taɓa ganin tana sauri ba. Ta dubi akwatin, ta dubi hannun rigar da ya shaƙe min damtse.

Ammu ta miƙe. "Na zo tafiya da 'yata. Akwai hidima a gabanmu."

"Maman Tuli, sannu da zuwa," in ji Dilruba Apa. "Tuli ba yarinya ba ce. Da yardarta take zaune a nan, idan ta ce za ta tafi ba zan tare ƙofa ba. Amma likita ta ce bugun zuciyarta bai gama daidaita ba. Ni kuma a nawa ganin, idan ta fita yau, za ki dawo min da ita kafin sanyi ya shigo, idan da sauran kwana ke nan."

"Wane irin baki ne wannan?"

"Bakin wadda ta ga da yawa ne. Yanzu dai lokacin abinci ne, ba a ɗaga shi don kowa. Ki zo ki zauna da mu."

Sai da Dilruba Apa ta taimaka min muka zare rigar. Ta bar min jan zane a damtse kamar an ɗaure ni da igiya.

Ɗakin cin abincinmu dogon tebur ne guda, da fanka mai ƙara a sama. Aka sa wa Ammu kujera kusa da ni. Aka ajiye min farantina kamar kullum: shinkafa, miyar wake da ake kira dal, yankan kifi a cikin romo, da dankalin da aka murje da albasa da barkono. Na wanke hannu na zauna. Kullum nakan ci, da wahala amma nakan ci. Ran nan kuwa shinkafar nan ta zame min kamar tsakuwa. Na kafa mata ido.

Ammu ta sunkuyo ta raɗa min, "Duk wannan ke kaɗai?" Ta miƙo yatsa ta fara ture rabin shinkafar gefe.

Daga can ƙarshen tebur Shefali Khala ta ɗago murya, bakinta cike. "Maman Tuli, a gidan nan hannu ɗaya ke shiga faranti ɗaya. Idan yunwa kike ji a zubo miki naki, kifin yau ba laifi, mai girkin ta shirya da mijinta."

Matan suka kwashe da dariya. Ammu ta janye hannunta, fuskarta ta yi ja. Ni ban yi dariya ba. Na dubi shinkafar da ta ture, na dubi zanen da ke damtsena, sai wani abu ya taso min tun daga cikin cikina. Ba kuka ba ne, haushi ne. Na sa hannu na jawo shinkafar nan na maido ta tsakiya, na kwarara mata dal, na cakuɗa, na dunƙula loma na kai baki. Hawaye na zuba a cikin farantin, ina ci ina haɗiyewa da su. Muryar nan tana ta zagina a ka, ni kuma ina ta tura mata shinkafa. Na cire ƙayar kifin ɗaya bayan ɗaya na cinye shi. Na suɗe dankalin. Dilruba Apa na zaune a gabana tana cin nata, ba ta yabe ni ba, ba ta ko kalle ni sosai ba, ta dai turo min kofin ruwa da na gama.

Bayan abinci a baranda ake zama. Ruwan ya tsagaita, yana ɗiga daga ganyen mangwaro. Na ja Ammu can ƙarshe inda babu kowa.

"Ammu, ba zan bi ki ba."

"Sake faɗa na ji."

"Ba zan bi ki ba. Sai ranar da likita ta ce na isa fita."

"Yaushe ke nan?"

"Ban sani ba. Ƙila wata biyu, ƙila uku."

Ta dafe ƙirji. "Wata uku! Me zan ce wa mutanen nan? Sau nawa Nani za ta kwanta ciwo? Na kwantar da uwata da bakina, tsohuwa tana can garau, kullum sai na yi istigfari kada Allah ya kama ni da abin da na faɗa. Duk don wa? Kin tuna da ƙanwarki Mithila kuwa? Idan maganar nan ta fita, wa zai zo neman ƙanwar 'yar ƙwaya? Abbunki ko masallacin unguwa ba zai iya shiga ba."

'Yar ƙwaya. Yau ta faɗe shi da bakinta, kalmar da ta yi wata uku tana kewayewa tana cewa "ciwon cikinki".

Na ce, "Ranar da kika same ni a banɗaki, kin tuna abin da kika fara yi? Ina kwance amma ina jin ki. Taga kika fara rufewa, don kada matar maƙwabci ta ji."

Ta ɗaga hannu, na ɗauka mari ne, na tsaya ban kauce ba. Hannun ya tsaya a sama, sannan ya sauka.

"Eh, na rufe," ta ce, muryarta ta dushe. "Na rufe. Sannan na goya ki a wannan bayan nawa mai ciwo, na sauko da ke bene hawa huɗu, babu wuta, Abbunki ba ya gida. Ina saukowa ƙasusuwanki suna sukata a baya, ina kiran sunanki ba kya amsawa. Wannan ba ki riƙe shi ba, sai taga."

Gaskiya ta faɗa, ban riƙe shi ba. Na kamo hannunta, yana da sanyi.

"To kin ji su, Ammu. Da bayanki kika ji ƙasusuwan. Su kike so na koma don riga ta shige ni?"

Ta juya tana kallon ruwan da ke ɗiga. Ban san abin da za ta ce ba, kuma ban samu ji ba, don a daidai nan wayarta ta hau ruri a cikin jaka. Ta ciro, ta duba, ta zaro ido.

"Shafkat ne. Duk Asabar sai ya kira ya gaishe ni. Yi shiru, kada ki ko yi tari."

Ta share hawaye da gefen sarinta, ta gyara murya, ta sako wata muryar daban mai zaƙi wadda na sani tun ina yarinya, ta baƙi.

"Na'am ɗana, wa alaikumus salam. Lafiya lau. Tuli? Ai tana can, ka san garin nasu ba a samun waya sosai. Jikin Nani kuwa da sauƙi, sai dai..."

Ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na zare wayar daga kunnenta. Ta kawo hannu, na juya mata baya, na danna wurin bidiyo.

Fuskarsa ta fito. Yana ɗakinsa, da farar singileti, tawul a wuya, gashinsa a jiƙe. Ya matso da ido kusa da wayar.

"Tuli? Ke ce? Ina ne nan?"

"Gazipur. Ka ce ka fi son ka ji daga bakina, to ka saurara, kada ka katse ni, don idan na tsaya ba zan iya ɗorawa ba."

Na faɗa masa. Ƙwayar, da shekara biyun, da abincin da nake ɓoyewa a gyale duk ranar da ya kai ni cin abinci, da banɗakin, da gidan nan. Ban yi kuka ba. Ammu na bayana ta toshe baki da hannu biyu. Na ƙare da cewa, "Ba zan fito ƙarshen watan nan ba. Rigar da aka ɗinka min ba ta shige ni, kuma ba zan sake shigarta ba har abada. Yarinyar da Khalamma ta gani a biki mara lafiya ce. Wannan da kake gani ita ce ni."

Ya cire tawul ɗin ya goge fuska.

"Wancan watan aiki ya kai ni Sylhet," ya ce. "Na sayi alawa na je duba Nani. Na same ta a tsakar gida tana bin akuya da sanda tana zaginta. Ta ce rabonta da ke tun Sallah."

Ammu ta saki wani ɗan ƙara a bayana.

"Ban gaya wa kowa ba," ya ci gaba. "Na ɗauka wani kika samu. Har na san kamanninsa a raina, dogo ne, yana da mota."

Wallahi ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min ba, irin mai haɗe da majina. Na ce, "Da wani ne ai da ya fi sauƙi."

Bai yi dariya ba. Ya tsura min ido. "Kin canza."

"Na yi ƙiba. Faɗi abinka, yau an riga ka."

"Ba shi zan ce ba. Da, idan muna zaune, idonki ba ya tsayawa wuri ɗaya, ƙafarki na ta rawa a ƙarƙashin tebur. Na ɗauka kunya ce. Yau ne na fara ganin kin kalle ni." Ya sunkuyar da kai. "Ni kuma ina ta turo miki hoton biriyani. Kai, Shafkat."

'Yan uwa, a nan zuciyata ta narke, har na fara ce wa kaina na tsira. Sai ya waiga bayansa, ya rage murya.

"Ji nan, Tuli. Ni zan iya ɗauka, ina ganin zan iya. Sai dai Ammuna kada ta ji wannan maganar. Kin san ta. Za mu ce jikin Nani ya ƙara tsanani, a ɗaga ranar, idan kin fito shi ke nan, babu wanda ya sani."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi.

"Kai ma Nanin za ka kwantar? Baiwar Allahn nan me ta yi muku?"

"Tuli, ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Ka san yadda ciwon nan yake rayuwa? A ɓoye. Shekara biyu na yi ina murmushi a kan tebur ina ƙarya. Idan na shiga gidanku a haka, ranar farko Khalamma za ta ce amarya ta yi ƙiba, na yi dariya, na shiga ɗaki na rufe ƙofa, mu koma gidan jiya. Akwai ganin likita da zan riƙa zuwa, akwai zaman da zan riƙa halarta, ƙila shekaru. Duk Sylhet za mu ce na tafi? Ba na neman a tausaya min, kuma ba na roƙon kowa ya aure ni. Wanda zai ɗauke ni ya ɗauke ni da sanin abin da ya ɗauka, shi da gidansu."

"Ki ba ni lokaci."

"Lokaci kam ina da shi a nan, har ya yi min yawa. Amma ƙarya ta ƙare min."

Ya buɗe baki zai yi magana. Sai na ji ƙarar ƙofa a bayansa, da wata murya da na sani sarai, a nutse, ba ta ko ɗaga ba.

"Mece ce wannan da ba zan ji ba?"

Hoton ya karkace, na ga silin, na ga fanka na juyawa, sannan wayar ta ɗauke.

Ammu ta zame ta zauna a kan bencin baranda. "Kin kashe mu," kawai take maimaitawa, "Tuli, kin kashe mu." Ni kuwa ƙirjina wasai, rabon da na ja numfashi ya kai min har ƙasa haka na manta. Daga can nesa na hango Shefali Khala ta daina yin kamar tana kallon ruwa, ta juyo gaba ɗaya da kujerarta.

Ba a jima ba wayar ta sake ɗaukar ruri a hannuna. Na duba. Sunan mahaifiyar Shafkat ne.

Ammu ta kama gefen rigata. "Kada ki ɗauka. Don girman Allah bar ta ta katse, na je gida na san abin da zan shirya mata."

Na ɗauka.

"Assalamu alaikum, Khalamma. Tuli ce."

Ina jin numfashinta.

"Wa alaikumus salam," ta ce daga baya. "Dama ke nake nema, ba mahaifiyarki ba. Abin da na tsinta a bakin ƙofa gaskiya ne?"

"Gaskiya ne, har da wanda ba ki tsinta ba."

"Hmm." Muryarta ba ta nuna min komai ba, ba fushi, ba tausayi, kamar mai tambayar farashin albasa. "Ba na yin irin wannan maganar a waya. Yi min kwatancen wurin."

Na yi mata, tiryan-tiryan, daga babban titi har inda kwalta ta ƙare, har koren ƙyauren da babu allo a jikinsa.

"Gobe da safe ina hanya," ta ce. "Ni kaɗai." Ta kashe ba sallama.

Na miƙa wa Ammu wayarta. Ta karɓa ta riƙe a cinya, ta daɗe tana kallona, idonta jajir. Ko zuwa matar nan za ta yi ta karɓe sarinta, ko wani abin ne daban, daga ni har ita babu wanda ya sani. Na zauna kusa da ita, kafaɗata na taɓa tata, ba ta matsa ba. Can ta ja majina, ta dubi tsohuwar doguwar rigar da ke jikina, wadda wanki ya cinye wa launi. Ammu dai Ammu ce.

"To yanzu me za ki sa mata goben?"

Na ce, "Abin da ya shige ni, Ammu."